Injin zarto na aiki da na ajiya: yadda ake bai wa kowanne haƙƙinsa

Injin zarto yana daga cikin kayan aikin da ke saurin shiga ran mai su. Mutum yakan sayi guda ɗaya domin ya kayar da busasshiyar bishiya ko ya daddatsa itace, daga nan sai ya ga wani wanda ya fi nasa ƙarfi, sai kuma ya ji labarin wani tsohon samfuri da aka daina ƙerawa, kafin ya ankara injuna sun jeru a ɗakinsa alhali aikin da ke gabansa bai fi ƙarfin guda ɗaya ba. Ni ban ga laifin wannan sha'awa ba, domin akwai injunan da suka cancanci a adana su saboda tarihinsu. Abin da nake ganin illarsa shi ne mutum ya ƙi yanke shawara a kan kowane inji, ya bar shi tsaka-tsaki, ba a aiki da shi, kuma ba a yi masa shirin ajiya ba. Irin wannan injin shi ne yake fara lalacewa, kuma shi ne ya fi jikkata mai shi ranar da ya ɗauko shi da gaggawa.

Yana da kyau mutum ya san abin da ke faruwa a cikin injin da aka jingine da fetur a tankinsa. Cikin makonni kaɗan sassan fetur masu saurin tashi sukan gudu, abin da ya rage kuma ya yi kauri ya zama danƙo mai launin ƙasa-ƙasa, ya toshe ƙananan ramukan kafireto waɗanda wasunsu ba su kai kaurin allura ba. A cikin kafireton akwai siraran fatu na roba da ke motsi su turo mai, kuma idan suka daɗe babu motsi sai su bushe su sandare. Idan fetur ɗin yana da haɗin itanol, yakan zuƙi laima daga iska, ruwa ya kwanta a gindin tanki, tiyon mai ya yi laushi ko ya tsattsage. Robobin da ke toshe iska a gefen karanshaf su ma sukan bushe, su riƙa shigar da iskar da ba a so, inji ya riƙa gudu fiye da kima da ƙarancin mai har fistin ya ƙone. Duk wannan yana iya samun injin da fentinsa ke ƙyalli, wanda bai taɓa cinye tanki goma ba. Saboda haka matakin farko shi ne ka fito da injunanka duka, ka tambayi kanka a kan kowanne ko za ka yanka itace da shi a cikin watanni uku masu zuwa. Wanda amsarsa ta zama e, na aiki ne. Wanda ba haka ba, ko dai ka shirya shi domin doguwar ajiya, ko ka sayar da shi ga wanda zai more shi.

Wajen zaɓen injin aiki, kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen wanda ya fi ƙarfin buƙata. Injin da girmansa yake tsakanin cc 30 da 40 (cc ma'aunin girman cikin silinda ne), mai sandar ƙarfe, wato wadda sarƙar yanka ke zagayawa a kanta, ta santimita 30 zuwa 35, ya isa sassabe rassa da datsa ƙananan itatuwa. Na cc 50 zuwa 60 mai sanda ta santimita 40 zuwa 50 shi ne ya dace da mafi yawan aikin kayar da matsakaitan bishiyoyi. Wanda ya kai cc 70 zuwa sama na manyan gungume ne da tsaga katako, kuma nauyinsa yana gajiyar da hannu da wuri, gajiya kuwa ita ce ƙofar yawancin haɗura. Wanda ke aiki kullum yana amfana da injuna biyu, babba da ƙarami, musamman da yake idan gungume ya matse sandar ɗaya, da ɗayan ake kuɓutar da ita. Fiye da haka ya zama sha'awa, kuma gara mutum ya kira ta da sunanta domin ya san yadda zai kula da su. Ka kuma duba ko ana samun sarƙa da matatar iska da sauran kayan gyaran samfurin cikin sauƙi, domin injin aiki da ba shi da kayan gyara ya koma na ajiya ko mai shi bai so ba.

Sabon inji yana buƙatar a bi shi a hankali. A tankuna uku na farko kada ka danne totur har ƙarshe alhali sarƙa ba ta cikin itace, kuma kada ka yi mamaki idan ka ji ƙarfinsa yana ƙaruwa bayan wasu tankuna, domin sai sassansa sun goge juna sun zauna sannan yake kai cikakken ƙarfinsa. Ba shi da wani tanki na baƙin mai kamar mota, man da ke shafe fistin da silinda a cikin fetur ake zuba shi. Yawancin injunan zamani suna son kashi 50 na fetur da kashi 1 na man da aka yi musamman domin irin wannan inji, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a lita 5. Ka auna da ma'auni, kada ka yi kirdado. Ka fara zuba man a galan, ka ƙara fetur kaɗan ka girgiza, sannan ka cika ka sake girgizawa, kuma kada ka haɗa fiye da abin da za ka ƙarar a cikin wata guda. Tankin na biyu na man sarƙa ne, mai yauƙi wanda ke manne wa ƙarfe. Duk lokacin da ka cika fetur ka cika shi, kuma idan fetur ya ƙare ka tarar man sarƙa bai ragu ba, to ramin man ya toshe ko famfonsa ya samu matsala, sai ka dakata da aiki. Kada ka zuba ƙonannen man da aka juye daga mota, domin yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da dattin da ke cutar da famfo da kuma fatar mutum. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce ka nufi hancin sanda wajen farin kututture ba tare da ya taɓa shi ba, ka ɗan ba shi wuta, ya kamata ka ga siririn layin mai ya fantsama a kai.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne wajen sarƙa, domin ita ce take yanka, inji juya ta kawai yake yi. Ƙaramin inji mai kaifin sarƙa ya fi babban da sarƙarsa ta dakushe aiki nesa ba kusa ba. Ana gane kaifi daga abin da ke zubowa: sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya masu faɗi, kuma tana jan kanta cikin itace ba sai an danna ba, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar ƙura, tana hayaƙi, yankan kuma yana karkacewa gefe guda. Taɓa ƙasa na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe kaifin haƙora duka, shi ya sa ake ɗaga gungume ko a yanka shi zuwa kusa da ƙasa sannan a juya shi a ƙarasa.

Ana wasa ta da zagayayyen magagari wanda kaurinsa ya dace da girman haƙori. Ƙananan sarƙoƙi na ƙananan injuna sukan ɗauki na milimita 4, sarƙar inci 0.325 (ma'aunin tazarar gaɓoɓinta ke nan) takan ɗauki na milimita 4.8, ta inci 3/8 kuma na milimita 5.2 ko 5.5 gwargwadon kamfanin da ya yi ta, kuma kwalin sarƙar yana faɗin wanda ya dace. Ka ɗaure sandar don kada ta yi motsi, ka sa alama a haƙorin da ka fara da shi, ka ɗora magagarin a kusurwar digiri 30 ko abin da aka rubuta wa sarƙar, ta yadda kusan kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa zai leƙo saman haƙorin. Ka tura daga ciki zuwa waje, ka ɗaga shi wajen dawowa, domin gaba kawai yake ci. Ka yi wa kowane haƙori adadin turi iri ɗaya, ka gama gefe guda sannan ka juya inji ka yi ɗaya gefen. Idan haƙoran wani gefe suka fi na ɗayan tsawo, inji zai riƙa lanƙwasa yanka komai ƙoƙarinka. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke iyakance zurfin da zai ci, kuma a yawancin sarƙoƙi ana so ya gaza bakin haƙorin da milimita 0.65. Yayin da haƙori ke gajarcewa saboda wasawa, sai an riƙa rage tudun da shimfiɗaɗɗen magagari da ma'auninsa. Wasu sukan rage shi fiye da kima domin inji ya riƙa ci da yawa, kuma ina gargaɗi a kan haka da babbar murya, domin sarƙar takan riƙa fizga da cafka, ta ƙara haɗarin harbi, wato sandar ta yi tsalle sama ta nufo mai aiki. Gara a riƙa yi mata turi biyu ko uku duk lokacin da aka zuba mai da a bari sai ta mutu gaba ɗaya.

Ɗaurin sarƙa kuma yana daidai idan ta kwanta a ƙasan sanda ba ta reto, amma kana iya jan ta da hannu ta zagaya, da safar hannu kuma inji a kashe. Sabuwar sarƙa tana saki da wuri, sai an riƙa dubawa akai-akai. Idan ka ƙara mata ɗauri tana da zafi, ka sassauta ta bayan aiki, domin idan ta huce takan tsuke ta ja karanshaf. Ka riƙa juya sanda sama ta koma ƙasa duk lokacin da ka cire ta, ka kankare dattin da ke cikin kwarinta, domin ta ci daidai ta kowane gefe.

Wajen tayarwa, ka matsa aƙalla mita 3 daga inda ka zuba fetur, ka ajiye inji a ƙasa, ka sa birkin sarƙa, ka taka mariƙin baya da ƙafar dama, hannun hagu a mariƙin gaba, sannan ka ja igiya. Riƙe shi a iska da hannu ɗaya a wurga shi ƙasa ana jan igiya ɗabi'a ce da ta yanke ƙafafu da yawa. Idan yana kan silo, wato a kunne ba a danna totur ba, bai kamata sarƙa ta motsa ba, idan tana motsi sai an gyara kafin aiki. Ka riƙe shi da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi, ka tsaya a gefen layin yanka, kada ka yi yanka sama da kafaɗa ko a kan tsani. Wurin da ya fi haɗari shi ne rabin sama na hancin sanda. Idan ya taɓa reshe ko wani gungume alhali sarƙa na gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa ko fiye, sandar takan yi harbi sama ta nufo fuska da saurin da hannu ba ya iya tarewa, kuma domin wannan aka yi birkin. Kayan kariya ba ado ba ne: hular kwano mai ragar fuska, abin toshe kunne tunda ƙarar injin ta wuce desibel 100 alhali ji yana fara lalacewa daga 85, takalmi mai ƙarfe a baki, da wandon kariya wanda ke ɗauke da dogayen zaruruwa da ke fizgowa su cushe sarƙa ta tsaya. Wandon yana da aji, na 1 an gwada shi da gudun mita 20 a daƙiƙa, na 2 da 24, na 3 da 28. Kayar da bishiya kuwa ilimi ne da ya kamata a koya a gaban gwani kafin a gwada, kuma ko gwani ba ya barin kowa ya matso kusa da ninki biyu na tsawon bishiyar, ba ya kuma fara yanka sai ya share hanyar da zai ja da baya.

Ga wanda zuciyarsa ta karkata ga tarawa, shawarata ita ce ya tara abin da ke da labari. Andreas Stihl ya fito da injin zarto mai aiki da lantarki a Jamus a 1926, Emil Lerp na kamfanin Dolmar ya fito da mai fetur a 1927, kuma injunan wancan zamani sai mutum biyu suke iya sarrafa su saboda nauyi. A 1947, a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox ya fara ƙera irin haƙorin sarƙar da har yau ake amfani da shi, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace. A 1949 kamfanin McCulloch ya fitar da samfurin 3-25 mai nauyin kimanin kilo 11 wanda mutum ɗaya ke iya ɗauka, a 1959 aka samu Stihl Contra, a shekarar ce kuma Husqvarna na Suwidin ya shiga ƙera injin zarto. Wanda ya jera irin waɗannan, ko ya samu ƙaton Stihl 090 mai cc 137, yana riƙe da tarihin yadda aikin daji ya sauya, kuma adana su hidima ce. Amma sayen sabon injin da masana'anta ke fitarwa dubbai a yau, a bar shi a kwali da fatan zai yi daraja, abu ne da ban ga hikimarsa ba. Garantinsa yana tafiya daga ranar saye ko an tayar da shi ko ba a tayar ba, kuma idan yana da aibi daga masana'anta ba za a gane ba sai lokacin ya wuce.

Kafin ka sayi tsohon inji, ka ɗaga shi da igiyar tayarwa. Idan ya sauka a hankali yana tsayawa daki-daki, matsin silindarsa yana nan, idan kuwa ya zube ƙasa kai tsaye, fistin ko ringi sun gaji. Ka nemi izinin cire salansa ka haska tocila ta ramin, ka ja igiya a hankali: lafiyayyen fistin sumul yake, wanda ya ƙone kuwa za ka ga zane-zane a tsaye a jikinsa. Ka duba lambar injin da tambarinsa, ka kuma duba gindinsa, domin jikin yawancin waɗannan injuna na ƙarfen maganiziyam ne, kuma idan ya daɗe a kan siminti mai laima yakan yi farin gari ya rarake, abin da ba ya gyaruwa da sauƙi. Kada ka yi gaggawar sake fenti, domin masu tarawa da yawa sun fi daraja fentin asali ko da ya koɗe.

Shirin ajiya ba shi da wuya, kuma iri ɗaya ne ga tsoho da sabo. Ka juye fetur a wuri mai iska, ka tayar da inji ka bar shi a kan silo har ya mutu da kansa domin kafireto ya bushe, kuma kada ka yi haka a rufaffen ɗaki saboda hayaƙinsa yana kisa. Ka juye man sarƙa, musamman idan na tsirrai ne, domin shi yakan daskare ya liƙe famfo da sarƙa. Ka cire sanda da sarƙa, ka wanke su, ka shafa musu mai, ka naɗe sarƙar a takarda ko ƙyalle mai mai. Ka cire fulogi, ka zuba kimanin ƙaramin cokali na man haɗi a cikin silinda, ka ja igiya a hankali sau da dama, sannan ka mayar da fulogin. Ka share matatar iska da tsakanin fukafukan silinda, ka ɗora injin a kan katako a busasshen wuri da rana ba ta bugu, inda yara ba sa kaiwa. Bayan kowane watanni kaɗan ka ja igiyar a hankali don man ya sake zagayawa. Idan mai batir ne, ka cire batirin ka ajiye shi da kimanin rabin caji, nesa da zafi. Ka kuma ɗaura wa kowane inji takarda mai ɗauke da samfurinsa da ranar da aka juye masa mai da irin haɗin da yake sha, domin tsofaffin injuna da yawa an yi su ne da haɗi mai yawan mai, kamar kashi 25 da 1.

Akwai masu ganin cewa tsohon injin da ba a yanka itace da shi ba a tauye masa haƙƙi, kuma na fahimci abin da suke ji. Sai dai birkin sarƙa mai kama kansa bai fara yaɗuwa ba sai a shekarun 1970, kuma injunan da suka riga wannan lokaci yawancinsu ba su da shi, ba su da abin shanye jijjiga, ita kuwa jijjigar tana kashe jijiyoyin yatsu har su yi fari su daina ji idan aka daɗe ana sha. Irin wannan inji ana iya tayar da shi jefi-jefi a yanka gungume ɗaya da aka ɗaure a fili, da cikakkun kayan kariya, a juye masa mai a mayar da shi. Aikin yini guda kuwa, ko shiga cikin rassa inda harbi ya fi yawa, na injin zamani ne.

Idan ranar dawo da wani inji bakin aiki ta zo bayan shekara ko fiye, kada ka zuba mai ka hau ja. Ka fara duba tiyon mai da matatar da ke cikin tanki, ka canza su idan sun taurare, ka duba fulogi ka daidaita tazararsa zuwa milimita 0.5, ka zuba sabon haɗi. Idan ya tashi amma yana mutuwa da an danna totur, fatun kafireto ne suka sandare, kuma ana sayar da su a saiti. Idan kuwa yana gudu da kansa a kan silo ko ƙararsa tana hawa tana sauka, ka kashe shi nan take ka kai wa makaniki ya gwada ko yana shan iska, domin ci gaba da aiki a haka yana ƙona fistin cikin mintuna. Bayan ya zauna daidai, ka gwada birkin sarƙa sau biyu ko uku, ka tabbatar mai yana fita a hancin sanda, ka fara da ƙananan itatuwa har ka ƙarar da tanki guda kafin ka tunkari babban gungume.